Taken Baba Barau

Daudu na wasa hauyarsa a bakin gonar Mati, wurin gayya, sai ya hango maƙwabcinsa Baba Barau tafe da hauya a kafaɗa, yana tafiya yana hutawa. 

Tun masassarar bara tsohon bai koma daidai ba. Ya rame, wando sai ya yi ta ja. Tuwo ya taɓa ya ture, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Ko jiya buta ta suɓuce masa wajen alwala. To amma a garinsu Yasore wanda bai je gayyar mutane ba, ba a zuwa tasa. Ɗansa Musbahu kuwa Turawa sun kwashe shi haƙar kuza, daga shi sai matarsa Inno, ga gero can ciyawa ta shaƙe.

Daudu ya tare shi, ya roƙe shi ya koma gida, shi zai yi noman mutum biyu.

"Ran tawa gayyar in ce masu mi?" in ji tsohon. "Geron ga shi ne shekarata, ni da Inno."

Da Daudu ya ga ba zai lanƙwasu ba, sai ya sa shi a kunyar gefe, kusa da tasa. Yana noma yana miƙa hauya yana rage masa a ɓoye, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya kan tsoho. Dabarar har ta fara ci.

Sai Jinjiri makaɗi ya gane tsohon. Ina za a yi tsohon gwarzon noma ya shigo fage ganga ta wuce shi? Ya juya kiɗa, ya saki taken Barau na ƙuruciya. Daudu ya ɗaga hannu yana hanawa, Jinjiri ya ɗauka ƙari ake nema. Samari suka ɗau ihu.

Tsoho ya gyara tsayuwa. Wallahi abin ya yi kyau, har Daudu ya ji haushin kansa da ya ji daɗi. Ƙasa na tashi, Barau ya wuce samari biyu.

Can ya tsaya, ya dafe ƙirji, gumi na tsiyaya. Daudu ya sungume shi zuwa gindin tsamiya, ya ji shi sakayau kamar damin kara. Tsoho ya ce ji yake kamar an aza masa turmi a ƙirji, hannun hagu kuma ya mutu.

"Sun dai gan ni ko?"

"Sun gan ka, Baba."

"To, za su zo."

Ya yi kalmar shahada. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku gari ya fito gonarsa kaf, har waɗanda ba a gayyata ba. Inno na takaba, Daudu ne ya ɗauko furar gayya. Jinjiri ya zo ba ganga. Ya karɓi hauyar Barau, ya kama kunyar gefe, ya duƙa.