An Soke Shi

Wai a ce Bature yana can ƙasarsu yana zuba surutunsa, amma a teburin mai shayi na wani ƙauye cikin Gayam ake neman bai wa hammata iska a kansa! Ai kuwa haka aka yi, ba sau ɗaya ba.

Sunansa ya ƙi zama a bakin mutane, sai suka laƙaba masa Bakin Reza. Mai sharhi ne a rediyo da talabijin na Ingila, jajir da shi, kullum cikin kwat, kullum yana nuna mutane da yatsa. A rufe iyaka, in ji shi. A mayar da duk wanda ya shigo ta kwalekwale. Baƙi sun cika asibitoci, coci-coci sun zama kango, wuƙa ta yi yawa a titi, kuma duk laifin baƙi ne. Idan ya gama wannan kaf, sai ya dafe ƙirji ya ce an hana shi magana a ƙasar ubansa. Mutumin da duniya ke saurare safe da yamma, shi ne wai aka toshe wa baki.

Japheth ne ya kawo shi ƙauyen. Japheth ɗan Naomi ne, tilonta namiji, yana aikin kula da tsofaffi a wani gari can Ingila tare da matarsa Comfort. Shi ke turo wa ƙanen babansa Andrawus guntayen bidiyon, ya bi su da saƙon murya yana fassarawa da Hausa. Andrawus kuwa sai ya kwaso su ya kawo teburin Maliki mai shayi.

"Namiji ke nan!" in ji Andrawus. "Abin da ke ransa shi ke bakinsa. Kuma ka ji yadda ya tsaya wa coci."

"Namijin ina?" Maliki ya ce, yana kaɗa madara da ƙarfi kamar da ita yake faɗan. "Ba ka ji abin da ya faɗa a kanmu Musulmi ba? Kuma kai da wayonka, baƙon da yake cewa a kora ɗin nan wane ne in ba Japheth ba?"

Sai a yi ta yi har shayi ya huce. Da yamma kuma ka gan su a mashin ɗaya sun dawo daga gona.

Naomi ba ruwanta da Bakin Reza, ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Ita bakin ne gaba ɗaya take tsoro. Mijinta Philemon mutum ne mai magana. A shekarun da mutanen daji suka matsa wa yankin, an yi taro a firamare, ya miƙe cikin jama'a ya ce akwai wani a cikinmu da ke kai musu labari. Ko suna bai kama ba. Kafin masara ta bushe aka tsince shi a bakin gonarsa. Tun daga ranar Naomi ta rage murya. Ko 'yan bindiga ba ta iya cewa, sai dai ta ce "waɗancan", ta waiga. Sunan Philemon ma ta daina furtawa a waje, kamar shi ma laifi ne.

To ka ji uwar da ɗanta ya kira wata Lahadi yana murna, wai jami'ar garinsu ta gayyaci Bakin Reza muhawara, kuma ƙungiyar baƙi masu kula da tsofaffi ta zaɓe shi ya tashi ya ba shi amsa a gaban jama'a.

"Ba za ka ba," in ji Naomi.

"Mama, nan fa ba a kashe mutum don ya yi magana."

"Haka babanka ya ce. Shi cikin 'yan'uwansa ma yake."

"Mama, ki yi haƙuri. Na riga na amsa."

Ta san muryar nan. Muryar Philemon ce sak, mai laushi a sama, dutse a ƙasa. Ta kashe wayar ba tare da ta sa masa albarka ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya tafi.

A ƙauyen ba a samun sabis sai an hau dutsen da ke bayan gari. Washegarin ranar taron, da hantsi, Naomi ta hau tare da maƙwabciyarta Huraira, wadda katangar zana kaɗai ta raba gidajensu. Ta ɗaga wayar sama tana juyawa, sai ga kiran Comfort ya shigo. Muryar tana zuwa tana yankewa.

"Mama... mutane sun cika wajen... ihu... 'yan sanda... Japheth ya..." Shiru. Sannan a fili, ƙarara: "...an soke shi."

Ɗif, sabis ya ɗauke.

Naomi ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a kan dutsen, ƙafafu a miƙe, wayar a cinya. A Hausar da ta sani, wadda ta koya a kasuwa da gona da gidan makoki, in an ce an soke mutum to ƙarfe ne ya shige shi. Ta ga wanda aka soke da idonta. Ita ta wanke rigar Philemon.

"Maman Japheth, tsaya tukuna," Huraira ta ce. "Ba ta ce ya mutu ba. Wallahi ba ta ce ba. Kawo wayar."

Suka kira, suka sake kira. Suka koma wancan gefen dutsen inda samari ke cewa ya fi kamawa. Ko alama.

Kafin su sauko labari ya riga su, don wata mai itace ta ji. Andrawus ya tare su a gindin dutse hula a hannu. Shi da bakinsa ya sha maimaita wa mutane zancen wuƙaƙen titunan Ingila, yana jinjina wa Bakin Reza, yau ga zancen ya shigo masa gida. Ya buɗe baki zai yi magana, Naomi ta dube shi sau ɗaya, ya rufe.

Maliki bai tambayi kowa ba. Ya sauke tukunyar shayi daga wuta, ya kife kofuna, ya tayar da mashin.

"Ku hau mu je Birnin Gwari. Can akwai sabis. In ma kuka za a yi, a yi shi bayan an ji gaskiya."

Naomi da Huraira suka hau bayansa, Andrawus ya aro wani mashin ya bi su. Hanyar ta ratsa gefen daji, kuma rabon Naomi da ita tun kafin a yi sulhu da 'yan bindiga. Da can ko an ce mata kyauta ake rabawa a gari ba za ta bi ba. Yau ko kallon itatuwan ba ta yi ba. Suka wuce wasu Fulani da shanunsu, Maliki ya ɗaga musu hannu. Suka wuce gonakin da aka fara nomawa bayan shekaru suna kwance. Ita abu ɗaya ke mata yawo a kai: ta kashe waya ba ta sa masa albarka ba. Huraira ta rungume ta ta baya tana karanto addu'o'inta a hankali, Naomi na cewa amin, ba ta ma san tana cewa ba.

Suna shiga gari, tun kafin su kai tasha, wayar ta fara ƙara a cikin zaninta, saƙo kan saƙo. Maliki ya taka burki a gaban rumfar masu cajin waya. Naomi ta ciro ta, Andrawus ya karɓa ya buga kiran bidiyo.

Aka ɗauka. Sai ga fuskar Japheth ta cika wayar, kumatu cike, cokali a hannu. Shinkafa yake ci. Shinkafa, jama'a!

"Baba Andrawus? Lafiya na gan ku a gari? Mama? Me ya faru?"

Naomi ta fizge wayar. "Ɗaga rigarka."

"Na'am?"

"Na ce ɗaga rigarka in gani!"

Yaro ya ajiye cokali ya ɗaga riga. Ta sa shi ya juya baya. Ta sa shi ya ɗaga hannuwa. Babu ko ƙwarzane, sai ma tumbi da ya fara ajiyewa.

"To ina aka soke ka?"

"Wa ya ce an soke ni?"

Comfort ta leƙo ta bayansa, ta ji, ta dafe kai. "Wayyo Mama! Taron! Taron na ce an soke. Ɗalibai ne suka cika ƙofa suna ihu ba sa son mutumin ya yi magana, 'yan sanda suka zo, jami'a ta ce an fasa. Japheth ya dawo gida ko zauren bai shiga ba."

"To ki ce an fasa mana!" Huraira ta daka mata tsawa, hawaye na zuba, dariya na ƙwace mata. "Wace irin Hausa ce wannan ta 'yan rediyo? Kin kusa kashe mana mata!"

Naomi ta sulale ta zauna a kan bencin masu caji. Kuka ya zo, dariya ta zo, suka haɗu suka rasa wanda zai ba wani hanya. Daɗin da ta ji a ranar ko ranar da ta haife shi ba ta ji irinsa ba, don ranar ba ta san abin da ake rasawa ba. Ta yi ta cewa "Na gode Yesu," Huraira na cewa "Alhamdu lillahi," masu caji suka taru suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Maliki ya share ido da gefen riga ya ce, "Madalla da aka hana ɗan banzan magana."

"A'a, Baba Maliki," in ji Japheth daga cikin wayar, fuska a ɗaure. "Ni haushi nake ji. Da sun bar shi ya faɗi nasa, ni ma in faɗi nawa. Yanzu ga shi can tun safe yana yawo gidajen talabijin yana cewa an soke shi, an toshe masa baki. Shi ya ci riba. Ni ne ban samu na yi magana ba."

"Shi ma an soke shi?" Naomi ta tambaya.

"Haka suke cewa a nan, Mama, in an hana mutum dandali."

"Kuma yana yawo da ƙafarsa?"

"Har da sabuwar kwat."

Naomi ta girgiza kai. Lallai ƙasa ƙasa ce. Ta dubi ɗanta da kyau, ta ga haushin nan na mutumin da magana ta tsaya masa a wuya. Ta san wannan ma. Shekaru take ɗauke da irinsa.

"Me za ka ce masa?"

"Mama, bar shi kawai."

"Na tambaye ka."

"Zan ce masa ni ne baƙon da yake faɗa. Ni nake wa tsofaffinsu wanka, ni nake riƙe hannunsu in za su cika. In yana son ya ce a kore ni, ya faɗa, ba zan hana shi ba. Amma kada ya ce mini an kashe masa baki. Ni na san wanda aka kashe saboda baki. Zan faɗa masa sunansa."

Andrawus ya sunkuyar da kai. Naomi ta waiga, yadda ta saba, ta ga 'yan acaɓa da masu caji da wata mai awara duk sun zuba mata ido, ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta juyo ga wayar.

"Philemon," ta ce, da muryar da Huraira ta manta tana da ita. "Philemon Audi, na Gayam. Ya faɗi gaskiya a firamare, 'yan bindiga suka kashe shi a gonarsa. In sun sake sa taron, ka je. Ka faɗi sunan da kyau, kada Turawa su lauya shi."

"To, Mama."

"Allah ya yi maka albarka. Ci abincinka, yana hucewa."