Rubutun Malam Zuberu

Tun ranar da likita ya ce ƙodar Alhaji Sulemana ta gaza, matarsa Mulikatu ta zama 'yar sandan ruwa a gidansu na unguwar Nima, a Accra. Ita da ma mai koko ce, ta tsufa tana tace gasara, don haka bayanin nas bai ba ta wahala ba. Ƙoda matata ce, kamar rariyar gasara: jini ya bi ta cikinta, ta riƙe mai amfani, ta zubar da dattin da rarar ruwa da gishiri ta fitsari. Ta Alhaji kuwa hawan jini ya cinye ta a hankali, ba ciwo ba ihu. Yanzu fitsarin ma sai ɗan ɗigo. Duk abin da ya sha yana nan zaune a jikinsa, sai ranar da aka ɗora shi a kan injin wankin jini a asibiti. Idan ruwan ya yi yawa ya sauka ƙafa, in ya ƙara yawa ya hau huhu.

Wannan na ƙarshen shi ne ya hana Mulikatu sukuni. Ta ware masa ɗan kofi, ta janye gishiri daga miya, ta kori ayaba da ruwan kwakwar da 'yan dubiya ke kawowa. Alhaji, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana daka wa yaran shago tsawa a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, ya koma roƙon kurɓi ɗaya kamar ɗan yaye. Tausayinsa yakan kama ta har ta juya baya, amma ba ta ƙarawa.

Duk da haka ƙafar ta ci gaba da kumbura. Silifas ya daina shiga. Kwanciya ta gagare shi, sai ya jingina da bango yana haki. A asibiti nas ta ɗora shi a sikeli, ta dubi Mulikatu ta ce, "Mma, ruwa ya yi yawa. Kina auna mishi kuwa?"

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai. Ita da ko butar alwala sai ta tsaya a kansa, don kada kurkure baki ya zarce maƙogwaro!

Ran nan gas ɗinta ya ƙare da hantsi, ta bar rumfa ta dawo gida. Tana shan kwanar lungu ta hango su a benci: Alhaji ya ɗaga wata ƙatuwar gorar roba yana kwankwaɗa, Malam Zuberu na gefensa yana jan carbi, fuskarsa cike da jin daɗi. Ruwan cikin gorar baƙi-baƙi ne. Rubutu.

Malam Zuberu ba baƙo ba ne. Mota ɗaya ta kwaso su shi da Alhaji daga garin Bawku suna samari, shi ya raɗa wa 'ya'yansu suna kaf. Idonsa ya yi rauni, amma ashe kullum sai ya cika allo da ayoyin neman lafiya, ya wanke, ya tako daga unguwar Maamobi da sandarsa daidai lokacin da ya san tana bakin tukunya.

"Alhaji! Mi kake sha?"

Ya sauke gorar, ya goge gemu, ko kunya babu. "Ba ruwa ba ne. Rubutu ne."

"Da mi aka wanke shi? Da yashi?"

"Ke dai ba ki da ladabi kraa, ko kaɗan," in ji shi, amma bai iya haɗa ido da ita ba. A nan ta gane ya sani sarai. Ya gwammace ya yi ta haki da ya mayar wa amininsa gora cike.

Ta durƙusa gaban Malam, abin da ta daɗe ba ta yi ba saboda gwiwa. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Ta kama ƙafar mijinta, ta danna yatsa a ƙaurinsa, ta janye. Ramin ya zauna bai tashi ba.

"Malam, ka taɓa nan. Ayar tana shiga, Allah ya amsa. Amma ruwan ba shi da ƙofar fita. Dokta ya ce in ya kai huhu, shi ke nan."

Tsohon ya laluba da hannu, ya sa yatsa a ramin, ya daɗe a haka. Can ya ɗago ya ce, "Ni ne nake kumbura shi?"

Ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Alhaji ya daina cin abinci, ya daina yi mata faɗa, wanda shi ne ya fi tayar mata da hankali. Kumburin ya soma sauka, amma mutumin ya zauna a benci yana kallon bakin lungu. Mulikatu ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ceto ƙafa ta kashe zumunci, haka take ta gaya wa zuciyarta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga ƙarar sanda. Babu gora. Allon ne kansa a hammatarsa, rubutun ya cika shi gaba da baya, ya fi na kullum yawa.

"Mulikatu, kawo cokali."

Ta kawo na shayi. Ya sa ta ɗebo ruwa cikin cokalin da hannunta, ya ɗiga a kan allon, ya bi shi da yatsa layi bayan layi, a hankali, har ya tattara baƙin a gindin kofi. Ya miƙa mata, ba Alhaji ba.

"Wannan ya yi yawa?"

Ta girgiza kai. Alhaji ya lashe, ya yamutsa fuska. "Zuberu, wannan ai tawada ce zalla!"

"Sha ka yi shiru. Ban rage ko harafi ba."

Mulikatu ta shige ɗaki ta share ido, ta fito da ruwan sanyi a kofin baƙi. Rana ta take, tsohon ya yi tafiya, leɓensa duk ya bushe. Ya dubi kofin, ya dubi Alhaji da ya ƙura wa ruwan ido, ya tura kofin gefe da bayan hannu.

"Mayar," ya ce. "In na koma gida na sha."