Yoyo a Tayar Baya

Tun kafin babur ɗin ya tsaya Badamasi ya gane shi. Duk Dutsin-Ma babu wata roba-roba mai irin wannan kukan, kuma babu wadda aka ɗaura wa ƙananan tayoyi biyu a gefe don kada ta kife da mai ita. Shi ya haɗa su da hannunsa. Sai ya ƙara cusa kai cikin injin da ke gabansa, ya yi kamar bai ji ba.

Ranar kasuwa ce, gareji cike da mutane. A kan benci Alhaji Rabo ne zaune, dillalin hatsi mai baburan da ke kwaso masa buhuna daga Kuki da Shema. Ya zo ganin aikin Badamasi ne kafin ya damƙa masa gyaransu gaba ɗaya.

Atiku ya kashe injin, ya zura silifas a tafukansa, ya sauko ƙasa. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana rarrafe. Da hannu yake tafiya, da hannu yake tuƙi, da hannu yake karɓar sadakar da ake ɗora tukunya da ita a gidansu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Badamasi. A Kurfi kowa ya san haka, a Dutsin-Ma kuwa Badamasi bai taɓa gaya wa kowa ba. Atiku ya fahimci hakan ba tare da an faɗa masa ba, shi ya sa bai taɓa leƙo garejin ba sai yau.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam," in ji Atiku. "Yaya" ya so ya ce masa, ya haɗiye. "Mai take zubarwa ta baya. Birkin kuma in na matse sai in ji shina sulɓi."

"Allah sarki, bawan Allah," in ji Alhaji Rabo. "Daga ina?"

"Daga Kurfi, ranka shi daɗe."

"Ashe ɗan garinku ne, Badamasi. Ka san shi?"

"Ina dai ganin shi, Alhaji."

Ya tsuguna a bayan roba-robar don kada su haɗa ido. Ya dangwalo man da yatsa ya shinshina. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wato man giya ne, ba na inji ba. Ya leƙa cikin tayar, ya ga ƙarfenta ya jiƙe sharkaf ta ciki, daidai inda birki yake kamawa. Bakanike ko na jiya ne ya san abin da hakan ke nufi. Sai an kwance salansa, wato bututun hayaƙi, an cire tayoyin gefe, an zare ta baya, aikin wuni guda. Wuni guda Atiku na zaune a nan, da wushiryarsa irin ta Badamasi, da goshinsa irin na Badamasi, ga Alhaji Rabo mai yawan tambaya.

Ya ɗauki tsumma ya goge man tas. Ya sa sifana a notin da ake tsiyaye mai, noti a ɗaure tamau, ya yi nishi kamar ya juya shi.

"Noti ne ya saki. Shi ke nan, tafi abinka."

A ransa ya ce in ya koma gida da yamma zai duba ta sosai. Atiku ya dube shi, ya dubi sifanar, ya yi godiya. Alhaji Rabo ya miƙa masa sadaka, ya yaba wa Badamasi da bai karɓi ko sisi ba, ya ce irin wannan tausayin ne ya yi ƙaranci a zamanin nan.

* * *

Bayan la'asar Rekiya, matar Badamasi, ta kira shi a waya tana kuka. A gangaren da ke gab da shiga Kurfi shanu suka tsallako titi. Atiku ya matse birki har ƙarshe, babur bai ko rage gudu ba. Da ya ga zai afka musu sai ya karkata ya faɗa kwalbati. Hannun dama ya karye a ƙasan gwiwa.

Ko da Badamasi ya iso, mai ɗori ya gama aikinsa ya tafi. Atiku na kwance a ɗakin zaure, hannun a ɗaure da karare da tsumma, zufa ta jiƙe masa riga. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Gwaggo, tana zaune a bakin ƙofa ta zuba tagumi.

"Hannu hwa, Badamasi," ta ce. "Da mi zai yi tahiya? Mu kuma ina za mu sa kanmu?"

Tausayin ɗanta ne ya sa ta kuka, wannan babu shakka, amma har da tukunya a cikin kukan, kuma Badamasi ya ji duka biyun. Abin da gareji ke kawowa a ginin da ya fara a Dutsin-Ma yake ƙarewa, bulo bayan bulo. Gero da man gyaɗa da sabulu, har da kuɗin tara na Fiddausi 'yar Badamasi, daga aljihun Atiku suke fitowa. Lokacin da Atiku ya tasa ya nemi a kai shi koyon ɗinkin takalma, Gwaggo ta ce bara ta fi kawowa, Badamasi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru. Daga baya ma shi ya sayo roba-robar don ƙanen nasa ya riƙa kaiwa kasuwanni masu nisa. Mutanen unguwa suka yi ta sa masa albarka.

Ya kasa shiga ɗakin. Daga bakin ƙofa ya ce, "Sannu, Atiku."

"Yauwa, Yaya. An kawo mashin ɗin, shina waje."

* * *

Washegari bai je gareji ba. Ya jawo roba-robar gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ɗora bayanta a kan turmi. Atiku ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure, ya jingina da bango yana kallo.

Badamasi ya kwance salansa da tayoyin gefe, ya zare ta baya. Ya wanke akwatin giyar da fetur har ƙarfen ya yi fari, ya bari ya bushe. Ya aika ciki aka ɗebo masa toka daga murhu, ya barbaɗe akwatin da ita ko'ina, ya cika man giya, ya tayar da inji. Wuri uku mai ke iya fitowa. Ya duba notin ƙasa, tokar tana nan fara fat. Ya bi bakin murfin da ido, inda fakin hana yoyo yake, nan ma a bushe. Can sai tokar da ke kewaye da sandar da taya ke hawa ta fara yin duhu, ɗigo ya taru, ya gangaro.

Ya kama sandar ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Boris ɗin ciki, wanda sandar ke juyawa a kansa, ya cinye saboda nauyin tayoyin gefe, sandar na rawa, rawar ta yage robar da ke tare mai, wadda suke kira sil. Ya ɗago takalman birkin. Sun sha mai sun yi baƙi, suna santsi kamar sabulu.

"Ba noti ba ne ko, Yaya?" in ji Atiku.

"Ba noti ba ne."

"Ai na sani. Na ga sifanar ba ta motsa ba."

Badamasi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai ɗago ba. "To mi ya hana ka faɗa?"

"A gaban mutanenka?"

Babu gori a muryar, da akwai ma da ya fi masa sauƙi. Ya hau nasa babur ya je ya sayo sabon boris da sil da takalman birki, masu kyau, ba irin waɗanda yake sa wa 'yan kasuwa ba. Ya fitar da tsohon boris, ya zaunar da sabo. Ya shafa wa bakin sil ɗin mai, ya dinga buga shi a hankali da gindin soket ɗin kwance noti har ya zauna daidai. Ya mayar da komai, ya sake barbaɗa toka, ya bar injin ya yi ta aiki. Ko ɗigo. Ya juya tayar ya matse birki, ta tsaya cak. Tunda yake bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma bai taɓa jin kunyar aikinsa kamar yau ba.

Rekiya ta leƙo daga zaure. "Baban Fiddausi, ta gyaru?"

"Ta gyaru."

"To alhamdu lillahi." Ta murza bakin mayafi. "Gwaggo ce ta ce in tuna maka, geron ya ƙare. Kuma gobe Juma'a."

"Da wane hannun zai tuƙa?" Ya faɗa da tsawa, har kaji suka watse.

Rekiya ta tsaya tana kallonsa, shi ma ya san amsar. Zai iya cewa a bar Atiku ya warke, shi zai ɗauki cefanen. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna kwanon rufin da ya riga ya yi wa magini alkawari, ya sunkuya yana tattara sifanu.

* * *

Ranar Juma'a shi ya tuƙa, Atiku a baya ya riƙe masa riga da hagu. Dutsin-Ma suka nufa, don can ne masu bayarwa. Birki na kamawa lafiya lau a kowane gangare.

Ya so ya sauke shi a kwanar da ke nesa da masallaci ya juya, amma mai hannu ɗaya ba ya rarrafe. Dole ya goya shi a baya, ya ratsa masu tallar turare da hula, har inda guragu da makafi ke jeruwa a gindin katanga. Wani mai shayi da ya san shi ya ɗaga murya.

"Malam Badamasi! Sannu da aikin lada!"

"Yauwa," in ji Badamasi.

Ya zaunar da Atiku, ya naɗe masa ƙafafun a ƙarƙashin riga, ya miƙe zai tafi. Atiku ya kira shi ƙasa-ƙasa, yadda na kusa ba za su ji ba.

"Malam. Hannun rigar ya rufe ɗorin. Ɗan ja mani shi sama, a gani."

Badamasi ya tsuguna. Ya naɗe hannun rigar a hankali har ya wuce gwiwa, ya ɗago karyayyen hannun ya ɗora masa a kan cinya, ya juya kararen suka fuskanci hanya. Masallata sun fara shigowa.