Auren Mangwaron Ayuba

Cikin duk kayan da Liyatu ta kwaso daga Nahuce zuwa Gusau, babu wanda ya ba direba haushi kamar tsohon bokitin fenti mai ɗan icen mangwaro a ciki. Mutane na gudu da katifa da buhun dawa, ita ta rungume ƙasa a cinya. Ba ta tsaya yi masa bayani ba. Icen nan shi ne aikin ƙarshe da mijinta Ayuba ya yi kafin 'yan bindiga su tare motarsu a hanyar Tsafe, su shige daji da shi.

Sana'ar Ayuba ke nan, yi wa mangwaro aure. Sai ya yanko reshen mai daɗi, ya tsaga kan ɗan icen da ya tsiro daga ƙwallo, wanda suke kira uwa, ya cusa reshen a tsagar, ya naɗe mahaɗar tam da leda. Liyatu takan tsokane shi da cewa ya fi Fasto yawan ɗaura aure, kuma nasa ma'auratan ba sa dawowa da ƙara.

Rashin labarin Ayuba ciwo ne da kowa ya sani, ana ta sallama a ɗakin da ta kama a Tudun Wada ana yi mata jaje. Akwai wani ciwon da ba wanda ya sani: addu'a ta ƙafe mata. Ita da ke ba da waƙa a zumuntar matan coci har a ji ta daga bakin titi, yanzu sai ta durƙusa, ta buɗe baki, shiru. Da farko ta yi wa Allah kuka har muryarta ta dushe. Daga baya ta daina jin akwai mai saurare. Sai haushinsa ya fara kama ta, tsoron wannan haushin kuma ya hana ta sakat.

Ana cikin haka Fasto ya yi wa'azi cewa mai bi haɗe yake da Almasihu kamar reshe a jikin itace, ran itacen ke gudana a cikinsa, reshen da ya rabu kuwa bushewa yake yi a kai shi murhu. Jama'a suka tafi gida da rabin farko na maganar suna murna. Liyatu ta tafi da rabin ƙarshe. Ran da aka yi Jibin Ubangiji, wato cin burodin tarayya da Almasihu, da dattijon coci ya miƙo mata farantin burodi, ta sunkuyar da kai har ya wuce. Ta yanke wa kanta hukunci cewa an riga an sare ta. Ta ninke zanenta na zumunta ta sa a jaka, da niyyar ran Lahadi ta mayar wa Mama Asabe, shugabar mata, daga nan ita da coci sai hange.

Ran Asabar da hantsi Malam Munzali ya yi sallama. Shi da Ayuba sun daɗe suna sayar da dashe kafaɗa da kafaɗa a Bunguɗu, ɗaya ya tafi salla ɗaya ya tsare masa kaya. Bayan gaisuwa da jaje idonsa ya faɗa kan bokitin. Reshen sama ya zubar da ganye, ya zama kamar tsinken tsire, amma ƙasa da ledar wasu 'yan toho sun fito kore shar. Su ne Liyatu ke lallaɓawa kullum safe, don su kaɗai ke faranta mata rai a gidan.

Malam Munzali ya tsuguna, ya sa farce ya tsinke su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, mi na yi maka?" in ji Liyatu. "Su kaɗai ad da rai."

"Wanga tohon uwa na, uwargida. In kinka bar shi, shi ka shanye ruwan, auren shi mutu."

"Auren ai ya mutu tuni. Bari in kwance ka gani da idonka."

Ta kai hannu ga ledar. Ya yi maza ya janye bokitin gabansa.

"Kul. Ranar da kinka kwance don ki gani, iska ta shiga, ranan kinka kashe shi."

"To ta ƙaƙa aka sanin ya kama?"

"Ba a sani. Shi kanshi reshen bai sani ba. An dai ɗaure shi, sauran aikin na uwa na, ita ka tura mai ruwa ta ciki. Wani shi yi toho da wuri, wani shi daɗe kamar gawa, sai ki tashi wata sahiya ki ga ido ya tsage."

"Wani kuma fa?"

Ya murza ganyen da ya tsinke.

"Wani kuma ba ya tashi. Ba ni yi maki ƙarya."

Da zai tafi ya ce Allah shi bayyana Ayuba. Liyatu ta motsa leɓe, amin ɗin ma ya ƙi fitowa. Ta zauna gaban bokitin tana duban tsinken, ranta a ɓace, don yanzu ko ɗan koren da take gani da safe babu.

Ran Lahadi ta ɗauki jakar ta tafi, ta zauna a bencin baya kusa da ƙofa inda fita ba ta da wuya. Aka yi waƙa, bakinta a rufe. Aka yi addu'a ana ambaton waɗanda ke daji, aka kira sunan Ayuba, ta ji kamar an soka mata allura. Sai ga dattijon nan da farantinsa. Ya tuna da ita, don haka ya ɗan rage tafiya kawai zai wuce. Ta miƙa hannu.

Burodin ya bushe mata a baki. Ta jira ko za ta ji wani abu, ɗumi ko hawaye ko sauƙi a ƙirji. Ba ta ji komai ba. Da ƙyar ta haɗiye.

Bayan an tashi Mama Asabe ta tare ta a ƙofa, ta dubi jakar.

"Ɗiyata, mi kinka riƙo?"

"Zanena na, Mama."

"To zanen zumunta cikin jaka aka aje shi?"

Liyatu ta ciro shi, ta warware, ta ɗaura a kan na jikinta. Ta ja bakin zanen, ta tamke har numfashinta ya ɗan tsaya.

"Kin matse da yawa," in ji Mama Asabe. "Sassauta kaɗan."

"Bar shi hakanan, Mama. Kada iska ta shiga."