Likkafanin Malam Yana But

Salihu ya sake murɗa makullin, karo na nawa ke nan shi kansa bai sani ba, but ɗin motar ko gezau. Ya zare shi, ya hura ramin, ya goge shi a jikin riga, ya mayar. Shiru. A cikin gida an gama yi wa mahaifinsa, Malam Abdulsalami, wanka. Masu haƙa sun aiko tun ɗazu cewa kabari ya kammala. Likkafani kaɗai ake jira, shi kuwa yana cikin adaka, adakar tana cikin but ɗin nan.

Bappa Sanda, ƙanen mamacin, ya fito daga zaure yana duban sama.

"Kai Salihu, rana tana yi. Ba a ajiye gawa saboda ƙarfe. Liman ya ce akwai farin yadi a gidansa."

"Bappa, don Allah a ɗan ƙara mini lokaci."

"In inuwar bangon nan ta bar dakali, za mu yanka na Liman."

Duk Dingaya babu wanda bai san likkafanin nan ba. Daga Makka Malam ya zo da shi, ya tsoma shi a zamzam da hannunsa, ya shanya shi a can. Shekara tara yana cikin adaka, duk watan azumi sai ya fito da shi ya sha iska. Da ciwo ya tsananta, Salihu ya zo da Fijonsa, wadda ya saya shekarar Udoji, don ya kai shi asibitin Birnin Kudu. Tsohon ya kafe, sai da adakarsa zai tafi. Ran Salihu ya ɓaci. Ina aka taɓa zuwa neman magani da likkafani a hammata? Ya jefa adakar a but ya rufe da ƙarfi.

Kwana goma sha biyu Malam yana kwance, kullum sai ya ce, "A shigo mini da adakata, in gan ta kusa." Kullum Salihu ya ce, "Baba, kwaɗon but ɗin ne ya lalace, gobe zan kai wa makanike." Ƙarya ce tsagwaronta. Lafiyar kwaɗon ƙalau a lokacin. Shi dai gani yake idan farin ƙyallen nan ya shiga ɗakin, to an gama. Yau da safe Malam ya cika, suka ɗauko shi a kujerar baya, suka sha ramukan hanyar Gwaram, ga shi yanzu ƙaryar ta zama gaskiya. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe shi, har hawayen mutuwar ma ya kasa fitowa.

Maikano mai gyaran kekuna ya taso daga cikin masu jiran jana'iza. Bai taɓa gyaran mota ba, amma duk kwaɗon da ya gagara a garin shi ake kira, kuma ba ya son a taɓa abu kafin ya iso.

"Malam Salihu, matsa. Kana nema ka karya makullin a ciki, mu shiga uku."

Ya ɗiga kananzir a ramin, ya murɗa a hankali, kunnensa manne da ƙarfen. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can.

"Makulli yana juyawa. Harshen kwaɗon ne ba ya tashi. Me ke ciki mai nauyi?"

"Adakar ƙarfe."

"To ita ce. Jijjigar hanya ta turo ta baya, ta danne harshen. Sai ta koma gaba zai saki."

"A kawo gatari kawai," in ji Salihu. "A fasa, ban damu da motar ba."

"In ka sari nan ƙarfen zai lanƙwashe ya ƙara riƙe ta, sai mu kai la'asar. Shiga ka kama sitiyari."

Haka dattawan da suka zo jana'iza suka tattare manyan riguna suka tura Fijo zuwa gangaren kududdufin bayan masallaci. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin ya isa dariya. Maikano ya ce a saki. Motar ta gangara, ruwan kududdufin yana matsowa.

"Taka!"

Ya taka birki iya ƙarfinsa. Wani abu ya yi ƙuuu a baya, ya daki jikin kujera. Maikano ya bi da gudu, ya sa makulli, ya murɗa sau ɗaya. Murfin ya ɗaga kamar bai taɓa gardama ba.

Salihu ya rungumi adakar ya nufi gida. Saura kamar taki ɗaya inuwa ta bar dakalin. Sai a zaure ya tuna ita ma adakar a kulle take, makullinta kuma yana wurin mahaifiyarsa, Inna Kulu. Ya ratsa mata ya shiga ɗakinta, ya durƙusa. Ta kwance bakin zaninta, ta ɗauko makullin, ta buɗe adakar, ta ciro likkafanin a naɗe, ta shafa shi sau ɗaya ta miƙa masa.

Ya karɓa, amma ya kasa tashi.

"Inna, a asibiti kwaɗon nan bai lalace ba. Ni ne na ƙi kawo masa."

"Na sani," in ji ta. "Shi ma ya sani. Ta taga ya hango ka ran Talata ka buɗe kana ɗaukar jarkar ruwa."

Salihu ya ɗago kai.

"Na ce bari in yi maka magana, ya hana ni. Ya ce tsoro kake ji, a bar ka da shi tukuna." Ta gyara mayafinta. "Tashi ka kai masa, ya daɗe yana jira."