Sakatar Ciki

Tun ranar da aka ce tsohon masaukin ɗalibai na bayan tashar jirgin ƙasa shi za a gyara wa masu gudun yaƙi, Goggo Mai Shara ba ta ƙara samun zama ba. Shekara ashirin da biyu tana share gidan nan, ta san ɗakin da tagarsa ke kuka in iska ta taso, ta san famfon da sai an lallashe shi kamar jariri. Cikin mako uku aka shafe ɗaki arba'in da farin fenti, aka jera gadajen ƙarfe, aka liƙa takardun maraba cikin harsuna uku. Kai ka ce amarya za a kawo.

Ranar Talata ce ranta ya ɓaci. Ta iske kafinta yana bin ƙofofi yana kwance sakatun ciki, yana jefawa a bokiti. Kafintan nan kuwa mijin 'yarta ne, mutum mai kunya, wanda ko tari ba ya yi a gabanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce umarnin Manaja ne. Masu dubawa daga babban birni sun ce baƙin da ke tafe hankalinsu ba a kwance yake ba, wani na iya kulle kansa ya yi wa kansa lahani, saboda haka kada a bar abin kullewa ta ciki.

Goggo ta nemi bakin gado ta zauna. Abin da mutanen gidan suka manta shi ne, ita ma a ƙafa ta shigo ƙasar nan, shekara talatin da ɗoriya, goye da wannan 'yar da kafinta ke aure. A can garinsu ƙofa aka bankaɗa aka fita da mijinta, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Wata huɗu ta yi a masaukin baƙi tana barci a zaune, bayanta jingine da ƙofa, sai da wani maƙeri ya tausaya ya buga mata sakata. Daga ranar ta san miƙe ƙafa.

Ba ta tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba ta nufi ofis. Manaja ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Ya ba ta kujera, ya saurare ta yana duba agogo. Ta ce masa wanda aka fasa wa ƙofa ba bargo yake nema ba, abin da zai ja da hannunsa ya ji ya ce ƙas yake nema. Ta ce in tsoron lahani ake yi, a sa 'yar ƙarama wadda kafaɗar namiji ɗaya za ta ɓalle.

Ya yi murmushi ya ce, "Goggo, waɗanda suka rubuta dokar nan sun karanta abin."

"Ni kuma na yi abin, ranka ya daɗe."

Ya ce ya ji, amma doka doka ce, kuma jibi masu dubawa za su dawo.

To, in an hana ka ƙofa ai akwai taga. Washegari da rana, ma'aikata sun watse cin abinci, Goggo ta tare surukinta da bokitin nan a hannu. Wane ne zai ce wa uwar matarsa a'a? Suka bi ɗakuna ashirin na ƙasa, inda za a sauke mata masu goyo, yana ɗaurawa tana miƙa masa kusoshi, gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

"Inna, in aka kore ni fa, 'yarki da jikokinki duk ɗakinki za su tare."

"Su zo. Ni ƙofata da sakata."

Ranar Alhamis masu dubawa suka zo su uku. Suka latsa katifu, suka yaba fenti. Saura ƙiris su fita, sai wata mai tabarau ta tura ƙofa don ta karanta takardar da ke bayanta, ga sakata tana kallonta. Kafin Manaja ya buɗe baki Goggo ta ce ita ce, ita kaɗai ta saci bokitin ta ɗaura. Kowa ya san yatsun nan da sanyin ƙashi ya murɗe ko murfin kwalba ba sa buɗewa. Amma mai shara ta fi kafinta sauƙin samu, sai Manaja ya yarda. Ya ce shekaru sun ja, ta je gida ta huta. Kafinta kuma ya sake bin ƙofofin nan ashirin, kansa a ƙasa.

Ranar Juma'a motoci suka iso. Daga tsallaken titi Goggo ta ga matan suna saukowa da ƙullin kaya, ba wadda ta ɗaga kai ta dubi ƙyallen maraba, kowace waige take yi.

Da hantsin Asabar ta koma ɗaukar silifas ɗinta da butarta. Ta tarar da mai dafa abinci tsaye da keken kwanuka tana ƙwanƙwasa, ba ƙofar da ke buɗuwa fiye da faɗin yatsa biyu. Baƙin sun ja gadajen ƙarfe sun tokare, sabon fentin daɓe duk ya karce. Manaja na ta faɗa, wai an ba mutane wuri kamar otal, dubi sakayyar. Nan take ya ce da kafinta ya kafe ƙafafun kowane gado a ƙasa. Kafinta ya dubi surukarsa, ya ɗauke kai, ya tafi neman injin huda siminti.

Goggo ta tsaya a ƙofar ƙarshe. Ta 'yar kafar ta hango wata yarinya da ba ta kai sa'ar 'yarta ba, ido jawur, jariri a ƙirji. Ta yi mata magana, yarinyar ba ta jin harshen. Sai tsohuwa ta ajiye buta, ta cire mayafinta ta naɗe. Ta zauna daɓas a baranda, ta jingina bayanta da ƙofar da ke kallon tasu, ta cusa mayafin a ƙugu, ta tokare dugaduganta da ƙasa.

"Haka za ki yi, 'yata, in sun kafe gadon. Ki riƙa sa bargo a nan. Ƙugu ne ke fara mutuwa."

Yarinyar ta daɗe tana kallo, sannan ta gyaɗa kai. Goggo ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki butarta. Ba ta kai bakin ƙofar gida ba ta ji injin ya fara kuka.