Kabarin da Tamimu Ya Rataye a Bango

Tamimu magini ne, kuma a wani tsohon gida da suka je rusawa a unguwar Al-Jaradiya ta Riyadh ya tsinci wani zane cikin gilashinsa. Baƙaƙen layuka ne zalla, sirara kamar gashi. Wani katafaren kabari ne na Rumawan dā, zagayayye kamar rumbu, duwatsu sun hau juna ba siminti, ciyawa ta tsiro a kansa. A gindinsa ga wasu ƴan mutane biyu, ɗaya na nuna wa ɗaya ginin.

Ya rataye shi a ɗakinsu na unguwar Al-Shifa. In ya dawo aiki, ko wanka bai yi ba, sai ya tsaya yana bin duwatsun da yatsa.

Ba banza ba. Bara ƙanensa Sha'aban ya faɗo daga bene, aka binne shi nan Riyadh, inda kabari ba suna, dutse ne irin na kowa. Tamimu ya koma ziyara, ya yi ta zagaye bai gane wanne ba ne. Ya rantse ba zai bar ƙasar ba sai ya gane shi.

Abokin ɗakinsa Abdulwahid direba ne, ya saurari wa'azi a mota ya wayi gari malami. Ranar Juma'a da suka sauko daga masallaci ya ce, "Malam Tamimu, gini a kan kabari haramun ne. Yalla, maza cire shi."

"Taɓa ka gani."

Ya kuwa taɓa. Ya fizgo shi ya maka da ƙasa, gilashi ya tarwatse, ya keta takardar gida biyu.

Tamimu bai san sanda ya shaƙe shi ba. Ya gwara kan Abdulwahid da bango, ya sake gwarawa, ya kayar da shi kan fasasshen gilashin, ya hau ruwan cikinsa da naushi har haƙori ya yi tsalle. Jini ya jiƙa darduma. Da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare shi, yana kuka yana kiran Sha'aban.

Abdulwahid ya sha ɗinki, ya tashi. Tamimu kuwa, ƴan sanda suka kulle shi, kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ce ba ya son fitina, aka soke iƙamarsa, takardar izinin zama, aka sa shi a jirgin Kano.

Sai da suka tashi ya zaro ɓarin takardar da ya tsira da shi. Kabarin yana ɗaya ɓarin. Ƴan mutane biyun nan ne kawai suka rage, ɗaya na nuna wa ɗaya inda babu komai.